Ruwan Kwana Tara

A Bohinj, gindin dutsen da bai gama sauke ƙanƙararsa ba,
na kafa amya ɗaya tak, sabon katako, shuɗin fenti.
Shekara talatin ina tuƙa bas,
ban taɓa ɗaukar fasinjoji masu yawa haka ba.

Taron da na kakkaɓo daga reshen tuffa ya zauna lafiya.
Sun ja saƙa fara sol,
suna shigowa da garin fure a ƙafa, rawaya da ruwan toka.
Mako biyu ya wuce.
Na ɗaga saƙa, rana a bayan kafaɗata,
na bi rami rami da ido:
ba ƙwai, ba tsutsa, ba ɗaki ɗaya a rufe.
Gida cike da ma'aikata, babu goyo.

Na ce uwa ta mutu.
A daren na tura kuɗi Kranj
a aiko mini da wata ta gidan waya.

Lojzka maƙwabciyata ta haura tamanin,
kunnenta ya riga ni yin ritaya.
Ta tsallako shinge ba hula, ba hayaƙi,
ta kwantar da tafin hannu a kan murfi,
ta daɗe.

"Marayu ba haka suke kuka ba," in ji ta.
"Amyar da ta rasa uwa ruri take yi,
har cikin ƙashin hannu za ka ji.
Waɗannan hira suke.

Ka ga ƙwai uku huɗu a rami ɗaya,
a manne jikin bango kamar an watsa?"
Na girgiza kai.
"To ma'aikata ba su fara haihuwar ƙarya ba.
Ka ga rufi mai tozo, na maza zalla?"
Na girgiza kai.
"Duba tsakiya. Ramukan nan a goge suke, suna ƙyalli,
an hana kowa zuba zuma ciki.
Wa ake share wa ɗaki in babu mai zuwa?"

Ta kawo saƙa guda daga amyarta,
ƙwan jiya a ciki,
ta zura ta tsakanin nawa.
"Su za mu tambaya, Vinko, ba ni ba.
In ba su da uwa, kafin kwana uku
za su gina mata ɗaki mai kama da gyaɗa, kai ƙasa.
In ba su gina ba, tana nan,
sabuwa ce, ba ta fita barbara ba.
Ruwa kwana tara, ta ina za ta tashi?"

Kwana uku na zauna bakin taga
kamar mai jiran a buɗe hanya.
Na biyun rana ta fito.
Wajen ƙarfe biyu na ga ƙofar amya ta cika da fiffike,
ban san abin da nake kallo ba.

Na ukun muka buɗe.
Babu gyaɗa.
Lojzka ta yi dariya da haƙoranta huɗu,
ta ce in rufe, in je in sami abin yi.

Ran Laraba na sake ɗaga saƙa.
Can ƙasan rami, ƙwai ɗaya, a tsaye,
siriri, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.
Ramin kusa, ɗaya. Na kusa da shi, ɗaya.
Ita kanta ban gan ta ba.
Na ga dai inda ta bi.

Da yamma mai wasiƙa ya danna hon.
Ɗan keji ne, tsawon yatsa,
uwar Kranj a ciki da ɗigon fenti a baya,
da 'yan rakiyarta biyar.
Da ta iso ran Litinin, da na jefa ta ciki,
da sun dunƙule ta sun kashe kafin dare.

"Sauri ya haifi nawa," in ji Lojzka,
"naka kuwa ya haifi amya ta biyu.
Zan ba ka saƙa uku. Nemo katako."

Na sa kejin a aljihun riga don kada sanyi ya kama ta.
Duk hanyar zuwa shagon kafinta
ina jin ta tana motsi a kan ƙirjina.